Naitirojin a tayar mota: ta cancanci kuɗin da ake biya?

A manyan gidajen mai da shagunan taya na zamani a Kano, Kaduna da Abuja, yanzu ba wuya ka tarar da wani inji a gefe, mai allon lambobi da dogon tiyo, an rubuta N2, wato alamar iskar naitirojin, a jikinsa da manyan baƙaƙe. Kana tsayawa yaron shago zai matso: "Alhaji, a sa maka naitirojin? Taya ba ta zafi, ba ta bindiga, sai ka yi wata shida ba ka duba ba, ga sauƙin shan mai." In ka amince, a sace iskar da ke ciki, a ɗura sabuwa, a murɗa maka koren murfi a kan kowane bawul, ka biya ninkin abin da mai facin bakin titi zai karɓa.

Iskar ta gaskiya ce, amfaninta ma akwai shi. Sai dai ga motar gida ƙarami ne ƙwarai, kuma cikin alkawura huɗun nan guda ɗaya ne ke da ƙamshin gaskiya. Shi ɗin ma ba ya samuwa sai an yi aikin bisa ƙa'ida, wanda ba kowane shago ke yi ba.

Iskar da muke shaƙa, wadda ita ce kwamfiresan mai faci ke matsewa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Kashi 21 oksijin, ragowar kashi ɗaya argon da wasu 'yan tsiraru, sai danshi gwargwadon yanayin ranar. Injin shagon ba ƙirƙirar naitirojin yake yi ba, tacewa yake. Yana karɓar iska daga kwamfiresa, ya bi da ita ta cikin wasu siraran zaruruwa masu rami, waɗanda oksijin da tururin ruwa ke sulalewa ta bangonsu. Wani nau'in kuma tulu biyu gare shi cike da gawayi na musamman mai kama oksijin, ɗaya na aiki ɗaya na amayar da abin da ya kama, suna karɓa-karɓa. In injin na da lafiya, abin da ke fitowa yakan kai kashi 95 zuwa 99. Ke nan kuɗinka na sayen ƙarin kashi 17 zuwa 21 ne a kan abin da kake da shi kyauta, tare da bushewar iskar.

Alkawarin da ke da tushe shi ne na jinkirin sacewa, wanda a kansa ake cewa sai ka daɗe ba ka duba ba. Kowace taya, komai sabuntarta, tana rasa iska a hankali ta cikin robar kanta. Taya marar tiyub tana da shimfiɗar robar butil a cikinta don rage wannan, amma duk da haka rasa psi 1 zuwa 2 a wata (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa) ba abin mamaki ba ne, kuma zafi na ƙara masa sauri. Oksijin na ratsa roba sau uku zuwa huɗu fiye da naitirojin, saboda haka tayar da aka rage wa oksijin za ta fi jinkirin sauka. Magana ita ce, da nawa? Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada tsakanin 2006 da 2007. Ta ɗauki nau'in taya 31, kowane nau'i biyu-biyu, ɗaya da iska ɗaya da naitirojin, duk a psi 30, ta ajiye su a waje shekara guda. Masu iska sun rasa psi 3.5 a matsakaici, masu naitirojin 2.2. Tazarar psi 1.3 ce a shekara cur, wato kusan 0.1 a wata, abin da gejin allura na mai faci ba zai ma iya nunawa ba. Kuma a lura, duka biyun sun sauka.

Ga wanda ke bin hanyoyinmu, yawancin iskar da ke ɓacewa ba ta cikin roba take bi ba. Ƙusa ce da ta shige ta zauna. Allurar cikin bawul ce da ƙura ta hana rufewa. Wili ne da rami ya lanƙwasa masa baki, ko tsatsa ta ci inda leɓen taya ke zama, ko tsohon facin igiya da ya soma saki. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe, kuma naitirojin na fita ta cikinsu daidai da yadda iska ke fita. Tayar da ke neman ƙari duk sati ba naitirojin take buƙata ba, ruwan sabulu take buƙata a kan bawul da bakin wili da zanen, a ga inda kumfa ke tashi.

Maganar mai kuwa lissafi ne mai sauƙi. Ƙiyasin ma'aikatar makamashi ta Amurka shi ne, duk psi 1 da tayoyi huɗu suka yi ƙasa, shan mai na ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin 100. Tazarar psi 1.3 ba ta kai kashi 0.3 ba. A lita 100 na fetur, abin da za ka tsira da shi bai cika kwalbar lemo ɗaya ba, shi ma sai in ka shekara ba ka duba taya ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, a rahoton gwajinta na 2009 ta tarar cewa in ƙarfin iskar ɗaya ne, sauƙin gangarar taya ɗaya ne, ko da me aka cika ta.

Sai batun zafi, wanda shi ya fi cin kasuwa a nan, domin kowa ya san yadda kwalta ke ɗaukar wuta a watan Afrilu. Ba iskar ciki ke ɗumama taya ba. Lanƙwasuwar gefenta ne a kowane juyi, da gogayya da kwalta, da zafin birki da ke ratsowa ta wili, da rana. Yadda naitirojin ke ɗaukar zafi da yadda take watsa shi kusan daidai yake da na iska, ba abin mamaki ba tun da kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar ita ce. Kumbura ma haka. Taya mai psi 32 a digiri 20 na Salsiyas, in cikinta ya kai digiri 60 a doguwar tafiya, gejin zai nuna kusan 38, da busasshiyar iska ko da naitirojin. Kusan psi 1 ke nan a kowane digiri 6. Da hunturu a Kano, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar kaɗai geji kan motsa da psi 3 motar na ajiye, koren murfi ko baƙi. Wannan tashin an ƙera taya da saninsa. Kuskure ne babba direba ya tsaya a Zariya ko Kwanar Dangora ya taɓa taya ya ji zafi, ya sa a rage mata iska. In ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, ta ƙara lanƙwasuwa, ta ƙara zafi, kuma ta nan bindiga ke zuwa.

Inda naitirojin ke da gaskiya sosai, wanda masu tallarta ba su cika ambata ba, shi ne ruwa. In aka matse iska mai danshi, tururin cikinta na komawa ruwa ya kwanta a gindin tankin kwamfiresa. Kowane tanki na da ɗan famfo a ƙasansa don zubar da shi, kuma ya kamata a buɗe shi kullum, musamman da damina. Je wurin mai facin da ya kwana biyu bai buɗe ba, ka roƙe shi ya murɗa: ruwa ne ja-ja mai tsatsa haɗe da baƙin man inji zai feso, wani lokaci har ya jiƙa ƙasa. Wani kaso na wannan yana bin tiyo zuwa cikin tayarka. Gwaji mai sauƙi kafin a sa maka iska: a danna bakin tiyon a kan tafin hannu ko farar takarda na daƙiƙa biyu-uku. In ya bar jiƙa, ka san abin da za ka saya.

Ruwa a cikin taya yana ɓarna iri biyu. Na farko, ba ya bin lissafin da aka yi a sama. In akwai ruwa kwance, a digiri 20 tururinsa bai kai rabin psi ba, a digiri 60 ya kusa psi 3, a digiri 80 ya kusa 7. Tayar da ke da ruwa za ta fi 'yar uwarta tashi, kuma ba wanda ya san da nawa, tun da ba a san wadda ta fi ruwa ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu tseren mota ke amfani da naitirojin ko busasshiyar iska: suna son su san daidai inda geji zai tsaya in taya ta ɗau zafi, domin a wurinsu rabin psi magana ce. Na biyu, ruwa da oksijin su ke kawo tsatsa a wilin ƙarfe da farin ƙura-ƙura a wilin alminiyom, daidai inda leɓen taya ke kamawa, daga nan kuma sacewa ta soma. Amma duk wannan maganin bushewa ne. Kwamfiresan da ake zubar wa ruwa kullum, aka sa masa matatar ruwa a bakin tanki, ya magance mafi yawansa. Haka kuma mai faci da ya kwarara ruwan omo a bakin taya wajen ɗora ta a wili ya riga ya zuba ruwa a ciki, ko da naitirojin mai kashi 99 aka bi shi daga baya.

Yanzu ga wurin da ake rabuwa tsakanin shagon da ya san aiki da wanda ke sayar da koren murfi. Taya ko an cire mata allurar bawul ta daina huci, ba fanko take ba. Cike take da iska daidai nauyin iskar waje, kusan psi 14 zuwa 15 da geji ba ya nunawa. In aka ɗura mata naitirojin mai kashi 95 har psi 32, cakuɗar da ke ciki kusan kashi 90 ce. A sake sacewa a sake cikawa, ta kai 93. Zagaye na uku, 94 da ɗoriya. Saboda haka sacewa ɗaya ba ta isa ba, biyu ne mafi ƙaranci. Injuna masu kyau suna yin wannan da kansu: a maƙala tiyo huɗu a tayoyi huɗu, a saita lamba, inji ya sace, ya cika, ya sake, sannan ya yi ƙara in ya gama. Aiki ne na mintoci, ba na daƙiƙoƙi ba.

Mafi muni shi ne wanda ba ya sacewa sam. Tayarka na psi 28 da iskar gari, ya ƙara mata 4 daga injin naitirojin, ya murɗa koren murfi, ya karɓi kuɗin taya cikakkiya. Abin da ke cikinta bai kai kashi 80 ba. Daga 78 zuwa ƙasa da 80, an sayar maka da iskar da ka zo da ita.

Neman wuce kashi 94 ko 95 kuma wahala ce marar riba. Oksijin na ratsa roba ta fuska biyu. In na ciki ya yi ƙasa da kusan kashi 6 zuwa 7 a tayar ƙaramar mota, na waje ne zai riƙa shigowa a hankali har su daidaita. Akasin haka ma na faruwa: tayar da ake ƙara wa iskar gari shekara da shekaru, tun da oksijin ya fi saurin fita, naitirojin ɗinta na ɗan ƙaruwa da kanta.

Shagon kirki zai fara da duba ko akwai yoyo kafin ya taɓa inji. Zai tambayi lambar da motarka ke buƙata ko ya buɗe ƙofa ya duba da kansa. In da hannu zai sace tayar har ƙasa, zai ɗaga motar da jak, don kada nauyinta ya murƙushe gefen taya a kan wili ko leɓen ya saki. Zai canza allurar bawul in ta tsufa, abu ne mai arha. Kuma in ka tambayi tsarkin iskar, zai nuna maka a allon injin ko da 'yar na'urar hannu mai auna oksijin da ake dannawa a bawul. Injin nan na da matatun ruwa da na mai a gabansa waɗanda ake canzawa lokaci-lokaci. In aka yi sakaci man kwamfiresa ya kai ga zaruruwan ko gawayin, tacewa ta lalace, inji na ƙara, fitila na ci, amma abin da ke fita bai fi iskar gari da komai ba. Naitirojin ba ta da launi ba ta da wari, ido da hanci ba za su gaya maka ba. Shagon da ba shi da hanyar nuna maka lamba, amana kawai kake saye.

Masu talla na yawan cewa ai ita ake sa wa jirgin sama. Haka ne, amma dalilin daban ne. Tayar babban jirgi na ɗaukar kusan psi 200, tana maƙale da birkin da kan yi zafi mai tsanani, sannan a naɗe ta cikin cikin jirgin kusa da bututun mai. In robar ciki ta yi zafi ainun takan saki tururi mai kamawa da wuta, in ya tarar da oksijin a matse sai fashewa. A ranar 31 ga Maris 1986 wani Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya faɗi a Meziko, mutum 167 suka rasu, bincike ya nuna tayar da aka cika da iskar gari ce ta fashe saboda zafin birki, ta tsinka bututun mai. A 1987 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta naitirojin a tayoyin manyan jirage masu birki, oksijin kada ya wuce kashi 5. Ƙaramar mota ba ta kusantar wannan yanayi.

Akwai wani hatsarin da ya fi kusa da mu, kuma darasinsa ya fi shafar direba. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai je Sakkwato. Wasu tayoyinsa na ƙasa da ƙa'ida. An nemi naitirojin a ƙara kafin tashi, ba a samu a kusa ba, aka saki jirgin don kada a makara. A kan titin tashi tayar da ke kusa da mai ƙarancin iskar ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta fashe, ɗayar ta bi ta, ƙarfen wili ya gogi kwalta wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgi. Ya juyo bai kai ga sauka ba. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu. Jirgi ba shi da zaɓin a ƙara masa iskar gari. Mota tana da shi, kuma babu wata illa a haɗa iska da naitirojin a taya ɗaya. Wanda ya ga tayarsa ta yi ƙasa a Birnin Gwari ko Potiskum ya ce sai ya isa inda ake sayar da naitirojin, ya ɗauki hatsari na gaske don tsare amfani na psi 1.3 a shekara. Tsaya wurin mai faci na farko, a cika.

Wannan ita ce babbar illar sabis ɗin, ba iskar kanta ba: maganar "wata shida ba ka duba ba". Koren murfi na sa mutum sakin jiki. Ƙa'idar dubawa ba ta canza ba, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, taya na sanyi, wato motar ta yi awa uku a ajiye ko ba a yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. Da safe a inuwa ya fi, don tayoyin ɓangaren da rana ke duka sukan nuna sama da na ɗaya ɓangaren.

Abin yabo a irin waɗannan shaguna, wanda sau da yawa ya fi naitirojin ɗin amfani, shi ne gejinsu. Na lamba ne, kana saita 32 ya tsaya a 32. A bakin titi al'ada ta zama 40, 45, har 50 ga ƙaramar mota, wani ma da ƙarfe yake ƙwanƙwasa taya ya ji amo. Lambar daidai tana kan wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35, da wata lamba daban in an yi lodi. Motocin Turai da yawa da masu faci a Nijar da wani ma'auni mai suna bar suke lissafi: bar 1 psi 14.5 ne, bar 2.2 (ko 220 a ma'aunin kPa) shi ne psi 32. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Iska ta yi yawa, tsakiyar zane ya cinye, kamun kwalta ya ragu, rami ya fi saurin fitar mata da ƙullutu a gefe. Ta yi kaɗan, gefe biyu su cinye, zafi ya taru. Amma ka tsaya a kai, domin yaron shagon naitirojin ma in ka ƙyale shi 40 zai danna.

Motocin Amurka da aka ƙera daga Satumban 2007 suna da na'urar lura da iskar taya, yawanci sensa ce a gindin bawul. Fitilarta ba ta kamawa sai iska ta sauka da kashi 25, wato daga 32 zuwa 24, don haka rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. Busasshiyar iska na taimaka wa waɗannan sensoshi. Sai dai a kula da murfin da za a ba ka: in bawul ɗin na alminiyom ne, murfin ƙarfe mai ƙyalli da koren kai yakan manne masa da tsatsa, ranar da aka zo murɗewa da filaya bawul ya karye, sai sayen sabuwar sensa. Karɓi na roba mai 'yar zoben roba a ciki.

Ana kuma cewa naitirojin na ƙara wa taya kwana. Oksijin da ke matse a ciki yana ratsa roba yana busar da ita a hankali har wajen wayoyin ƙarfe, rage shi na rage wannan. Amma rana da zafi da iskar waje na cin bayanta ba fashi, kuma tayar motar da ke aiki kullum zanenta ke ƙarewa kafin cikinta ya tsufa. Ga tayar gwanjo 'yar Kwatano kuwa, tsufan ya riga ya faru a wata ƙasa. Dubi lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana faɗakarwa a kan shekara huɗu daga ranar ƙira, kamfani irin Michelin kuma na cewa a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Tayar da ta tsattsage a gefe, naitirojin ba za ta hana ta bindiga ba.

Waɗanda lissafin ke yi wa daɗi su ne masu tireloli, tankoki da manyan bas da ke da garejin kansu. Tayarsu na ɗaukar sama da psi 100, tana da tsada, wasu ana sake mata sabon zane a kan tsohon jiki, don haka lafiyar cikinta kuɗi ce, kuma in injin na gida ne ƙari ba ya cin komai. Sai motar da ke daɗewa a ajiye. Ga ɗan acaɓa, mai a-daidaita-sahu da direban haya da ke faci kusan duk mako, asarar kuɗi ce, kowane faci na mayar da taya iskar gari.

Gargaɗi ɗaya ga wuraren da ke amfani da tulun gas maimakon inji. Cikakken tulun naitirojin na ɗauke da bar 150 zuwa 200, sama da psi 2,000, ba a haɗa shi da taya sai ta na'urar rage ƙarfi. Kuma kada a kuskura a karɓi tulun oksijin na masu walda a madadinsa don sun yi kama. Oksijin zalla a matse in ya haɗu da roba da maiƙo, wuta ce. Naitirojin kuma ba ta halatta walda a jikin wili taya na kai ba, ko an sace ta, haka ma zuba fetur a ƙyasta ashana don leɓe ya hau.

To a saya ko a bari? In ka sayi sababbin tayoyi shagon ya ce naitirojin kyauta ce har da ƙari nan gaba, kamar yadda kantunan Costco ke yi a Amurka, karɓa, babu abin da ka rasa, kuma lokacin ɗora sabuwar taya ne ya fi dacewa a yi. In kuɗi za ka biya kowane zuwa, kuɗin ya fi amfani a gejin hannu mai kyau da zai zauna a aljihun mota, da ɗan famfon lantarki da ake jonawa a soket ɗin mota. Famfon nan ba shi da tanki, don haka ba ya tara ruwa mai tsatsa.

In za ka biya wa taya ɗaya tak, biya wa safaya. Ita ce ke shekara a but ba mai tuna ta, kuma ita ce ake ciro wa a daji da dare a tarar ta kwanta. In siririyar nan ce ta wucin gadi, psi 60 take so ba 32 ba, an rubuta a jikinta, kuma saboda ƙanƙantarta ɗan abin da ta rasa yana nunawa da wuri. Ita ma a ciro ta a auna duk bayan wata biyu ko uku, a juya bawul ɗinta ya kalli sama in mazauninta ya bari, don geji ya kai gare shi ba sai an kwance ta ba.